Ƙarfen da Na Zuba a Wurin Alwala

Sai da na yi wata biyar a Brussels kafin in ji sunan faladiyam, kuma ranar da na ji shi ita ce ranar da aka fara kirana ɓarawo. Da wani ya tambaye ni ma'anarsa kafin wannan rana, da na ce ƙila maganin mura ne. Sunana Lawali, mutumin Nahuce ta ƙasar Bunguɗu. Shekara tara na yi ina kanikanci a Gusau, kuma a lokacin gani nake babu wani abu a jikin mota da zai ɓoye mani kansa.

Kawu Bawa ne ya kai ni, ƙanen Innata, mutumin Tsafe. Ya fi shekara goma yana aiki a wani fili da ake tara motocin da Turawa suka gaji da su, a loda su a jirgin ruwa zuwa Kwatano, daga can su shigo mana. Lokacin ba a daɗe da ba mu jihar Zamfara ba, duk wanda ya samu kujera a Gusau mota yake nema, kuma ba mu kaɗai ke nema ba. Aiki ya yi wa filin yawa, sai Kawu ya ce wa mai filin yana da ɗa bakanike mai amana. Wannan kalma ta amana ba ƙari ya yi ba. Babana ba shi da shanu, gonarsa ma ba ta taka kara ta karya ba, amma duk mai yin tafiya a unguwarmu wurinsa yake barin makullin rumbunsa. Abin da gidanmu ya mallaka ke nan, shi na ɗauko na tafi da shi Turai.

Watan farko ban san inda kaina yake ba. Ɗaki guda muke kwana ni da Kawu, a saman wani shago, tagarsa tana kallon bangon wani gida. Da safe in fita in ga gari kamar magariba, da rana in ɗaga kai in nemi rana don in san ko azahar ta yi, in rasa ta. Ni da ban taɓa ɗaura agogo ba sai da na ɗaura. Burodi nake ci safe da rana har na fara jin haushinsa, ina tuna furar da Inna ke damawa, wadda a da nake cewa ta cika tsami. Matar da ke sayar mana da burodin 'yar Maroko ce. Ranar da ta ji na yi sallama sai ta amsa, ta ƙara mani guda ɗaya a leda. Na fito daga shagon ina share ido, ina jin kunyar kaina, ƙato da ni ina kuka a kan burodi.

Mai filin wani tsohon Bature ne, muna kiransa Mai-Lofe saboda lofen taba ba ya barin bakinsa. Faransanci kaɗai yake ji, ni kuwa Turancin Ingilishi ma da ƙyar nake haɗa shi. Duk abin da zai gaya mani sai ta bakin Kawu, duk abin da zan gaya masa sai ta bakin Kawu. Ya yarda da Kawu ƙwarai, har makullin ƙofar filin yana hannunsa, ran Lahadi da ba a aiki shi ke zuwa ya ba karen gadi abinci. Ni kuwa aikin da aka ba ni shi ne wanke mota da cajin batir. Mutumin da a Gusau ake bin layi don ya saurari kukan inji, shi ne aka miƙa wa soso da bokiti. Abin ya tsaya mani a wuya, kuma daga nan ne na fara neman hanyar da zan nuna wa Baturen nan ko ni wane ne.

A ƙarƙashin motocin Turai na zamanin, tsakanin inji da salansa, akwai wata 'yar tukunyar ƙarfe. In ka buɗe ta sai ka ga wani abu fari-fari mai ƙananan ramuka kamar saƙar zuma, ga tauri. A garejinmu na Gusau saƙa kawai muke ce masa. Fetur ɗinmu na wancan lokaci toshe shi yake yi, mota ta rasa numfashi, ka ga sabuwar shigowa tana nishi a kan ɗan tudun da keke ma zai haye. Maganin bai da wuya. Ka kwance tukunyar, ka zura rodi, ka sa guduma, ka farfashe abin, ka zazzage, ka mayar. Kyauta ma muke yi wa abokan hulɗa, tarkacen kuma mu watsa bayan gareji. Bakaniken da bai san wannan ba a Gusau bai fara koyo ba.

To, ga motoci jere a layin baya, duk ƙasarmu za su. Ga Turawa kuma in sha biyu ta buga, ko gobara ake yi sai sun tafi cin abinci, Kawu ma yana bin fataken da suka zo sayen mota. Ni kaɗai ake bari a filin da burodina. Sai na ce a raina, bari in yi wa 'yan'uwana alheri tun daga nan, ranar da Mai-Lofe ya tayar da mota ya ji yadda take numfashi, shi da kansa zai tambayi wanda ya yi aikin. Haka na shiga ƙarƙashin ta farko da bismillah.

Tarkacen ma ban bari ya tafi a banza ba. A bayan filin akwai wani famfo inda muke alwala, mu da fataken da ke zuwa. Ƙasar wurin kullum a jiƙe take, ka wanke ƙafa ka mayar da ita cikin taɓo. Sai na riƙa zuba farfasasshiyar saƙar nan a wurin ina daddaɓewa da dunduniya. Ta sha ruwan, wuri ya yi tsaf. Wani Alhaji mutumin Kano har ya sa wa wanda ya yi aikin albarka, ni kuma na sunkuyar da kai ina jin daɗi.

Ina cikin zuba ta uku ne Kawu ya dawo da wuri ya same ni. Ya tsaya ya dubi ƙasa, ya duƙa ya ɗauki ɗan gutsure ya jujjuya shi.

Ya ce, "Lawali, ina kas samu wanga abu?"

Na ce, "Saƙa ta, Kawu. Ta motocin layin baya. Gyara nika yi masu kahin su tahi gida."

Ya dubi ofishin Mai-Lofe, ya dube ni.

"Mota nawa kay yi?"

"Ukku."

"Wa yas sani?"

"Ba kowa. So nika shi ji da kunnenshi."

Ya ce, "To." Ya jefar da gutsuren, ya ɗauki buta ya yi alwalarsa a kan abin. Ni a wurina wannan "to" izini ne, don a gidanmu in babba ya ga kana ɓarna ba ya wucewa. Na ci gaba, ba kullum ba, sai ranar da na samu sarari. Kafin sanyi ya ja baya na yi mota bakwai, kuma ina iya faɗin launin kowace.

Wata ranar Talata sai ga wata farar mota ta shigo, wani siririn Bature ya fito da sifana a hannu. Ban taɓa ganinsa ba. Shi da Mai-Lofe suka nufi layin baya suna magana suna dariya. Siririn yana shiga ƙarƙashin mota ya ƙwanƙwasa tukunyar, ya fito, ya shiga ta gaba. Wadda ke da saƙa takan yi ƙara a dushe, wadda babu takan yi amo kamar gwangwani. Tun yana fitowa da dariya har ya daina. Mai-Lofe ya cire lofen daga bakinsa, abin da ban taɓa gani ba, ya ƙwala kira aka tara mu duka, mu shida.

Ya yi ta magana fuskarsa ta yi jawur. Na taɓa Kawu na ce me yake cewa. Kawu bai dube ni ba, ya ce wanda ya kwashe cikin tukwanen ake nema. Allah ya sani, daɗi na ji. Na ɗauka ranar da nake jira ce ta zo. Na matsa gaba, na ɗaga hannu, na bugi ƙirji, na ce da Turancina, ni ne.

Abin da ya biyo baya har yau in na tuna sai in ji kaina yana juyawa. Mai-Lofe ya kama wuyan rigata yana maimaita wata kalma, faladiyam, faladiyam. Kawu ya ce wai wa na sayar wa. Na ce sayar da me. Ya ce abin da na cire. Na ce wa zai sayi shara. Aka sake tambayata, na sake ba da amsa, aka sake tambayata. Da na ga abin ba na ƙare ba ne sai na ja hannun Mai-Lofe zuwa bayan fili na nuna masa wurin alwala. Siririn Baturen ya durƙusa a cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa da wandonsa mai kyau, ya ɗebo tarkacen a tafin hannu, ya duba, sannan ya ɗora hannu biyu a ka. Sauran ma'aikatan, wani yana dariya, wani yana kallona da tausayi. Ni dai ina tsaye ina jiran wani ya gaya mani laifin da na yi.

Kwana biyu na yi ina haƙa wurin da shebur, ina tankaɗe ƙasar da rariya. Har taɓon ba su bari ba, sai da aka ɗure shi a buhuna. Siririn ya ɗora a ma'auni, ya yi ta dube-dube, ya ce wannan bai wuce na mota bakwai ba. Na ce alhamdu lillahi, ai abin da na faɗa ke nan. Sai Kawu ya gaya mani cewa tukwanen da aka samu fanko ashirin da uku ne, kuma dukkansu da sabon shatin sifana a jikin notinansu. Mai-Lofe yana son ya san inda na kai na sha shida. A ganinsa na binne kaɗan ne don in rufe ido, na sayar da sauran.

Da muka koma ɗaki da la'asar Kawu ya zaunar da ni.

Ya ce, "Ɗan nan, ka amsa duka a wuce wurin. Ba ka da takardun zama, shi ma ba shi son 'yan sanda su shigo mai hili. In ka amsa, kora ta kawai."

Na ce, "Bakwai niy yi, Kawu."

"Bakwai da ashirin da ukku duk ɗaya na ga Bature."

"Ba ɗaya na ba ga Baba."

Can ya ce ni yaro ne, ban san Turai ba. Na ce gaskiya ne ban san ta ba, amma na san abin da hannuna ya taɓa.

Washegari aka kira ni ofis. Na tsaya na yi bayani tiryan-tiryan. Na faɗi yadda fetur ɗinmu yake, da yadda muke yi a Gusau, da launin motoci bakwai ɗin ɗaya bayan ɗaya, da wanda ya haife ni, da makullan da ake bari a hannunsa. Na ce a kawo Alƙur'ani in dafa. Na yi magana har bakina ya bushe. Kawu ya juya wurin Mai-Lofe ya yi 'yan kalmomi, bai ko ja numfashi sau biyu ba ya gama. Mai-Lofe ya dube ni, ya girgiza kai, ya nuna mani ƙofa.

A bakin ofishin akwai Malam Idi, mutumin Maraɗi, direban babbar motar da ke kwasar motoci zuwa tashar jiragen ruwa. Gaisuwa kawai ke haɗa mu a da. Ya ga na fito ina tafiya ban san inda na nufa ba, sai ya buɗe mani ƙofar motarsa ya ce in hau. Ɗakinsa na koma, don na kasa haɗa ido da Kawu, kuma ban san ko kunya ce ko wani abu ba. Shi ya samo mani aikin cusa tsofaffin firji da tayoyi a cikin kwantena, wurin wasu mutanen Gini. Wata shida na yi a ɗakin mutumin nan bai taɓa tambayata yaushe zan tashi ba.

A hanyar tashar jiragen ruwa, ranar farko, na roƙe shi ya gaya mani mene ne faladiyam ɗin nan. Malam Idi mutum ne mai sauraron rediyon Faransanci, yana son a tambaye shi.

Ya ce, "Ƙarhe na, hwari, ɗan'uwan zinariya. Shi aka shahwa ma saƙar taku, shi da wasu 'yan'uwanshi, don su tace hayaƙi. Dokar Turawa ta, mota ba ta hita sai da shi."

Na ce, "Ni ban ga ƙarhe ba. Kasko nig gani."

"Ba ka ganinshi. Abin da ad cikin tukunya guda bai cika ƙaramin cokali ba."

"Abin da ba a gani shi anka kore ni a kai?"

Ya ce awo, shi ne. Ya ce da can masu ƙera motoci wani ƙarfe suka fi amfani da shi, sai suka ga faladiyam ya fi araha suka koma kansa gaba ɗaya. Masu haɗa wayar hannu suna so, likitocin haƙori suna so. Shi kuwa mafi yawansa daga Rasha yake fitowa, sai kaɗan daga Afirka ta Kudu da wasu wurare. Ga shi bara da bana Rasha ta yi watanni ba ta fitar da shi ba, wai takardar izini ce ba a sa wa hannu ba. Na ce mutum nawa ne za su sa hannun. Ya ce shi ma bai sani ba, kuma ba wanda ya san yawan abin da ke cikin rumbunsu, ƙila ya cika, ƙila saura kaɗan. Sai tsoro ya kama masu ƙera motoci, kowa ya shiga saye yana ɓoyewa, har da wanda ba zai buƙata ba sai baɗi. Da masu kuɗi suka ga haka, su da ba su ƙera ko allura, sai su ma suka shiga saye suna jiran ya ƙara tsada. Abin da ya sa Mai-Lofe, wanda shekara da shekaru yake barin motoci su tafi da tukwanensu, bana ya kira siririn nan mai saye ke nan.

Na ce wannan na gane, haka masu hali ke yi da gero a kasuwar Mada, su saya da kaka su kulle sai damina ta yi nisa. Ya ce yawwa, sai dai waɗannan yawancinsu ba su taɓa ganin ƙarfen ba, takarda kawai suke saye su sayar. Daga nan kaina ya sake kullewa. Gero dai in ka rasa mai saye ka ci abinka. Na yi ta juya maganar har muka isa: wani mutum a Rasha bai sa hannu a takarda ba, wani mai ƙera motoci a Japan ya tsorata, wani ya sayi abin da bai gani ba, ni kuma ɗan Nahuce da na gyara wurin alwala na zama ɓarawo. Duk yadda na jera su ban ga inda suka haɗu ba.

Sai da muka yi mako biyu tare sannan Malam Idi ya yi mani maganar ofis. Muna cin shinkafa da rana ya ce, bai dube ni ba, "Ran nan ka yi magana mai tsawo."

Na ce awo.

"Ta Bawa ba ta yi tsawo ba."

Na ajiye cokali na ce me ya ce. Ya ce yana daga waje, bai ji duka ba. Abin da ya shiga kunnensa shi ne, yaro ne, ya yi kuskure, yana neman ahuwa. Na ce bai faɗi bakwai ba. Ya ce shi dai bai ji bakwai ba, amma injin motarsa yana kunne a lokacin. Ya ƙara da cewa kada in ɗauki maganarsa in kai ko'ina, kawuna kawuna ne.

Na je na samu Kawu ran Juma'a bayan masallaci. Na ce, Kawu, ranar da ka same ni ina zubawa, me ya sa ba ka hana ni ba. Ya ce shi ma a lokacin bai san darajar abin ba. Na so in ce shekara goma a filin mota, na so in ce wa ke zuwa filin ran Lahadi, amma bakina ya ƙi. Mutumin nan shi ya goya ni ranar da aka yi mani kaciya, shi ya saya mani akwatin sifanu na farko. Ya cire rigar sanyin da ke jikinsa ya yafa mani, ya ce na rame. Bayan 'yan watanni kuma shi ya aiko mani da tikitin komawa gida ta hannun Malam Idi. Na karɓa, kuma har na sauka Kano ban san ko godiya ya kamata in yi ba.

Labari ya riga ni isa. Kawu ya aiko wa Inna da kaset, kamar yadda ake yi a lokacin, yana cewa yaro ya yi kuskure a wurin aiki, a yi haƙuri, kada a yi masa faɗa. Kaset kuwa a tsakar gida ake sauraronsa, maƙwabta suna ji. Kafin in zo, maganar da ke yawo daga Nahuce har Bunguɗu ita ce Lawali ya saci zinaren Bature. Na yi bayani ga duk wanda ya tsaya ya saurare ni. In na kai wurin da na zuba abin a wurin alwala sai a yi dariya, in na kai wurin sha shida sai a daina. Inna ta ce in bar maganar, don duk inda ta juya jininta ne.

Baba bai tambaye ni komai ba. Ya yi mani barka da zuwa, ya ce in ci abinci. Wannan shirun ya fi duka ciwo. A kakar shekarar maƙwabcinmu zai tafi kudu, sai ya kai makullin rumbunsa wani gida, abin da bai taɓa yi ba. Baba ya gani, ni kuwa na kasa cin tuwo ranar.

Na koma garejinmu na Gusau. An karɓe ni, amma mutanen da a da suke jefo mani makulli su tafi kasuwa, yanzu sai su ja benci su zauna har in gama. Bayan garejin kuwa ga saƙa nan tuli, ana ta watsawa kamar kullum. Na ce wa abokan aikina wannan abu a Turai dukiya ne, a kansa ake rigima tsakanin manyan ƙasashe. Ɗaya daga cikinsu ya ce ai kai ka fi kowa sani. Daga ranar in aka kawo aikin fasa saƙa sai in miƙa wa wani.

Shekara ta zagayo Kawu ya dawo gida zai tafi aikin Hajji. Kamar yadda aka saba, maniyyaci yana zagaya dangi ya yi sallama ya nemi gafara, don ba wanda ya san ko zai dawo. Ya zo Nahuce daga Tsafe da hantsi, a cikin mota mai kyau. Ya shiga wurin Inna suka yi kukansu, sannan ya fito zaure inda muke ni da Baba. Ya nemi gafarar Baba a zaune, suka yafi juna, aka yi addu'a. Ya miƙe kamar zai fita, sai ya juyo wurina. Ina zaune a ƙasa kusa da ƙofa. Ya tattare babbar rigarsa ya durƙusa a gabana, ya kama hannuna da hannu biyu.

Ya ce, "Lawali, ka yahe mani."

Na ga in ban tambaya yau ba, ba ranar da zan tambaya.

Na ce, "A kan mi, Kawu?"

Ya buɗe baki, ya dubi Baba, ya mayar da kai ƙasa.

"Zaman tare, ɗan nan. Wanda nis sani da wanda ban sani ba."

Kalmomin da kowane maniyyaci ke faɗa ke nan, da su ya nemi gafarar Baba yanzun nan. Hawaye na zuba a gemunsa, amma masu tafiya Makka suna kuka. Na riƙe shi ina jira ko zai ƙara wani abu. Sai Baba ya ce, "Ba a titsiye mai tahiya Ɗakin Allah. Ka ce ka yahe."

Na ce na yafe. Ban san abin da na yafe ba, kuma na san daga wannan kalma ba ni da sauran bakin tambaya. Muka raka shi har mota, ya tafi.

Muka dawo zaure. Baba ya zauna a kan buzunsa ya daɗe yana kallon wurin da Kawu ya durƙusa.

Ya ce, "Shekara talatin da wani abu na san Bawa. Ban taɓa ganin gwiwarshi ƙasa gaban yaro ba."

Ya juyo ya dube ni.

"Mota nawa kay yi?"

Wata goma sha huɗu ina jiran wannan tambaya.

"Bakwai, Baba."

Ya gyaɗa kai a hankali. Ya ce, "To, bakwai na." Ya sa hannu a aljihu ya ciro makullin rumbun wani mutumin Magami da ke ajiya a wurinsa, ya miƙo mani, ya ce in je in duba ko gara ta shiga.